Ɓarin da Ya Tsira

A Busan, hawa na tara, ɗakin da ba shi da taga,
aikina haɗa fuskoki a allon kwamfuta.
Ban taɓa riƙe wuƙa ba. Likita Hwangbo ke yanka,
nawa dai in auna, in juya, in miƙa mata taswira.

Ran Talata aka turo Pyo Man-sik a keken asibiti,
mai walda ne a Yeongdo, inda ake ƙera jiragen ruwa.
Sarƙar ƙugiya ta tsinke da hantsi,
ta tafi da kuncinsa na dama
kamar an goge rubutu da hannun riga.

Na zaunar da shi gaban kyamara shida.
Walƙiya ɗaya, ko ƙiftawa bai yi ba,
sai ga kansa yana shawagi a allo,
ruwan toka, ba gashi, ba wuya,
ɗigo dubu ɗari uku an ɗinke da zaren lissafi.
Na juya shi da yatsa kamar mai zaɓen kankana,
na leƙa ta ƙarƙashin haɓa,
na faɗa ramin da ƙashi ya rufta.

Dabarar ba sabuwa ba ce:
ɗauki ɓarin da ya tsira, haska shi a madubi,
hagu ta ranta wa dama.
Kafin shayina ya huce mutum ya cika,
sumul, daidai wa daida.
Har na ɗan ji kaina.

Matarsa ta zo da la'asar, Eom Sun-rye,
daga kasuwar kifi, takalmin roba har gwiwa,
ƙarnin teku ya riga ta shiga ɗaki.
Ta daɗe tana kallo. Ta ce, "Wane ne?"
Na ce, "Mijinki."
Ta ce, "Kyakkyawa ne kam. Amma ban san shi ba.

"Hancinsa ya karkata dama tun yana soja.
Girar nan ta fi 'yar'uwarta tashi,
ita ke fara tona shi in zai yi mini ƙarya.
Shekara talatin da ɗaya ta wannan ɓarin nake kwana,
yaro, kai kuma jiya ka gan shi."

Ta juye gwangwanin biskit cike da hotuna.
A kowanne ya kawar da kai, ya ɓoye ɓarin.
Hoto kuma shimfiɗe yake kamar tabarma,
ba tudu, ba kwari.

Sai na sa na'ura ta kwana tana zuba roba,
sala bisa sala, har fuskar ta fito da asuba.
Na ɗora mata a cinya. Ta rufe ido,
babban yatsanta, duk sartsen ƙayar kifi,
ya bi goshi, ya gangara, ya tsaya.
"Nan. Ture shi kaɗan. Ƙara. Ya isa."
Na auna: milimita uku.
Kyamara shida ba su san da su ba.

Shi kuwa, muƙamuƙi ɗaure da waya,
ya yafito takarda, ya rubuta a karkace:
"Shekara arba'in nake jiran a miƙe hancin nan."

Ta doki kafaɗarsa, ta yi dariya har ta koma kuka.
Likita ta cire tabarau tana gogewa,
ta ce, "Fuskar tasa ce, doka ta faɗa."
Ya sake jan takardar. Ya daɗe.
"A raba," ya rubuta. "Rabi nata."

Milimita ɗaya da rabi na karkatar.
Allon ya yi ja, yana cewa akwai kuskure.
Na danna ajiye.

Da dare a jirgin ƙasa na bi fuskoki da ido,
mai gyangyaɗi, mai waya, tsohuwa da ledar albasa,
ba ko ɗaya da ɓarinta biyu suka zo ɗaya.
A gilashin ƙofa na ga tawa,
kunnen hagu ya ɗan fi sauka.
Ban san ko akwai wanda ya taɓa lura ba.